Sharhi kan Aikin Leza na Hawan Jinin Ido a Wani Asibitin Kuɗi a Kano

Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulukoma, cuta ce da ke cinye gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, ita ce ta fi makantar da mutane. Wannan ne ya sa nake ganin ya dace in bayyana yadda wani asibitin ido mai zaman kansa a cikin birnin Kano ya kula da mahaifiyata, wadda aka gano tana da cutar a idanunta biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai tsaya ga rubuta magani kawai ba. Bayan an auna ƙarfin ruwan idon, an kuma gwada faɗin ganinta a na'urar da mutum ke danna maɓalli duk lokacin da ya hango ɗigon haske, sai ya ce: “Hajiya, hanya biyu ce a gabanmu, ko maganin ɗigawa kullum, ko aikin leza.” Leza wani haske ne na musamman da na'ura ke harbawa cikin ido. Da na nemi hujja, sai ya kawo gwaje-gwaje biyu da aka yi a kan marasa lafiya, inda ƙuri'a ce ke raba wa kowa irin jinyar da zai samu. Na farko an yi shi a Birtaniya da mutum 718, aka fitar da sakamakonsa a 2019, inda kusan kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka fara yi wa leza suka cika shekara uku ba su buƙaci maganin ɗigawa ba. Na biyun, wanda ya fi kusa da halinmu, an yi shi a garin Moshi na Tanzaniya da mutum 201, aka wallafa a 2021. Bayan shekara guda, leza ta yi nasara a kashi 61 na idanun da aka yi wa, maganin ɗigawa mai suna timolol kuwa a kashi 31 kacal.

Da na bi diddigin alƙaluman daga baya, na same su daidai. Sai dai akwai abin da ya kamata ya ƙara mana, domin gwajin Tanzaniya da timolol kaɗai aka kwatanta lezar, ba da latanoprost ba, wani maganin ɗigawa da ya fi shi sauke ƙarfin ruwan ido, sannan yawancin mutanen gwajin Birtaniya cutarsu ba ta yi nisa ba, alhali mu nan sau da yawa sai ido ɗaya ya kusa tafiya ake zuwa asibiti. Duk da haka hujjar ta gamsar da ni, musamman ga dattijuwar da hannunta ke rawa wajen ɗiga magani, ga kuma tsadar sayensa wata bayan wata.

Aikin kansa bai wuce 'yan mintuna ba. An ɗiga mata maganin kashe zafi, ta ɗora haɓarta a kan na'ura, likitan ya manna wani ɗan gilashi a idon yana harba hasken, ba yanka, ba ɗinki. Idon ya ɗan yi ja a ranar, kashegari ya washe. Ya kuma faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa ganin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba, kuma tasirin lezar yana iya raguwa har a sake yi.

Inda asibitin ya gaza shi ne wajen tsari. Zaman jira yana da tsawo ga tsofaffi, ba a sanar da jimillar kuɗi tun farko sai mutum ya riƙa biya kashi-kashi a kowace taga, kuma takardar bayanin da aka ba mu da Turanci aka rubuta ta, a garin da mafi yawan masu zuwa Hausa suke karantawa. Ga wanda zai je, shawarata ita ce ya nemi a rubuta masa adadin ƙarfin ruwan idonsa a kowace ziyara, ya tambayi kuɗin gwaje-gwajen dawowa kafin a fara aiki, sannan mai ciwon asma ya sanar da likita kafin a ba shi timolol.