Kek mai kama da tsohuwar katanga

Yaya, kin ce in ba ki labarin aikin kek a nan Birmingham. To bari in fara da ranar da na sha kunya, don har yau abin bai bar raina ba.

Satina biyu a shagon, na shigo da sassafe na tarar da kek mai hawa uku a kan tebur, fondan ɗin, wato kwaɓin sukarin da aka lulluɓe shi da shi, duk ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan bazara. Gabana ya faɗi. Biki kuma washegari ne. Na ɗauko abin shafe fondan na hau lallaɓa hawan ƙasa, na yi ta cike tsagun har ya yi sumul. Da mai shagon ta iso, sai ta tsaya cak, fuskarta ta yi ja. Ashe wuni guda ta yi tana fitar da tsagun nan da gangan, haka amaryar ta nema, kuma kuɗin da ta biya ya fi na kek mai santsi. A gaban sauran ma'aikata ta ce in daina taɓa abin da ban tambaya ba. Na shiga bayi na yi kuka na ƙoshi.

Amma da yamma ita da kanta ta zaunar da ni ta koya min. Ana murza fondan da ɗan kauri, a bi samansa da harshen wutar gas har ya yi ɓawo, a bar shi ya huce, sannan a sake murzawa a hankali. Saman da ya bushe sai ya dare, na ƙasa kuwa yana nan da laushinsa. Daga nan a ɗauko buroshi a shigar da launin ƙasa-ƙasa cikin tsagun, a goge saman da ɗan tsumma, duhun ya rage a ciki kawai. In ɓawon itace ake so, wuƙa ake sa wa a yi ta tsaga shi gajeru-gajeru, a barbaɗa garin cakulan a gefe. Wallahi sai kin taɓa za ki yarda sukari ne.

Inda na ja na tsaya shi ne wurin dama launin. Da giyar vodka suke damawa, wai don tana saurin bushewa ba ta jiƙa sukarin. Na ce mata ni addinina bai yarda ba. Ba ta ko yi musu ba, ta narka man koko, wato man da ake haɗa cakulan da shi, ta ce in riƙa damawa da shi. A nan ba a wasa da abin da ke cikin abinci: abubuwa 14 ne doka ta ce dole a sanar da mai saye in suna ciki, har da ƙwai, madara, alkama da gyaɗa. Ko a kicin ɗin gidanki za ki riƙa yin kek na sayarwa, sai kin yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ki fara. Mu kuwa wa ke tambayar abin da aka zuba?

Abin da ya fi ci min rai ba faɗan ba ne, Yaya. Da muka gama na ja baya na dubi kek ɗin, sai na ga katangar gidan Kaka a cikin birni, wadda aka yi wa yaɓen makuba, kafin su Kawu su rufe ta da siminti wai don kada a ce mu matalauta ne. Akushinta ma ina yake? Mun watsar, mun sayo roba. Kek ɗinmu na biki kuwa duk iri ɗaya, fari fat da ruwan gwal da ƙyalƙyali, ga zafi ga rashin wuta, kafin a kai shi wurin dina fondan ya fara zufa, kowace 'yar tsaga sai ta tona asirin mai yi. Irin wannan na tsufa kuwa, ko ya ɗan dare a hanya ba wanda zai gane.

Mai shagon ta yarda in gwada nawa, mai launin jar ƙasa da Dagin Arewa a jiki, irin wanda magina ke fitarwa a fuskar soro. In kin bi ta Gidan Makama ki ɗauko min hoton bangon daf da daf, ta inda hasken la'asar ke faɗa masa, ina so in ga yadda tsagun suke tafiya.