Canza kwandansa gaba ɗaya ko bin allo da mita: wanne ya dace da tsohuwar kwamfutar da ta ƙi tashi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar kwamfutar tebur mai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Pentium 4 wadda ta daɗe a ajiye a shago, kuma kana son ta tashi ne saboda wata manhajar lissafin kaya da ba ta aiki sai a kan Windows XP. Idan ka danna maɓalli fanka tana juyawa, amma sikirin ba ya nuna komai, kuma ba ka jin ƙarar nan guda da ta saba yi wajen tashi. Mai gyara na farko ya ce a cire duk kwandansan da ke kan babban allo, wato 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, a sa sababbi, na biyu kuma ya ce ba zai narka dalma ba sai ya bi na'urar da mitar auna wuta. Kowannensu yana da hujja, amma nauyin hujjojin ba ɗaya ba ne.

Kafin ka ba kowa aikin, ka cire faifan ajiya ka sa a kwafe abin da ke ciki, domin lissafinka yana kan faifan ne ba kan allo ba. Yawancin faifan wancan zamani na IDE ne mai faffaɗar waya, kuma akwai 'yar na'urar da ke haɗa shi da sabuwar kwamfuta ta USB.

Mai gyara na farko ba da ka yake magana ba. Intel ta fito da Pentium 4 a ƙarshen shekarar 2000, kuma zamaninsa ya faɗo daidai da shekarun da aka cika kasuwa da kwandansa marasa inganci, wato daga wajen 1999 zuwa 2007. Ruwan da ke cikin da yawa daga cikinsu ba a haɗa shi daidai ba, sai ya riƙa tara iska har kan kwandansan ya kumbura, ko ya tsage ya fitar da wani abu mai launin ƙasa-ƙasa. Abin ya kai ga kamfanin Dell ya ware kimanin dalar Amurka miliyan 300 a 2005 domin gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex, musamman GX270 da GX280. Ka ƙara da yanayin garinmu: ƙa'idar da masu ƙera kwandansa ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kwanansa da rabi, kuma kowa ya san yadda shagon kwano yake a Maraɗi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje kaɗai ke haura digiri 40. Saboda haka wanda ya ga allon wannan zamani ya zargi kwandansa yana da gaskiya sau da yawa.

Inda hujjarsa ta yi rauni shi ne alamar da ka bayyana ba ta kwandansa kaɗai ba ce. Fanka ta juya sikirin ya ƙi kawowa, haka kwamfuta ke yi idan ƙurar hunturu ta shiga ramin RAM, wato katin ajiyar wucin gadi, haka take yi idan akwatin wuta mai raba wa kayan ciki lantarki ya gaji, haka kuma take yi idan an manta ba a cusa 'yar wayar nan mai baki huɗu da ke kai bolt 12 ga furosesa ba. A wasu alluna ma mutuwar ɗan batirin CR2032 da ke kan allon kaɗai takan hana tashi. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da canza kwandansa zai magance.

Sannan aikin kansa yana da haɗari, kuma nan ne nake ganin mutane ba su cika lura ba. Babban allon kwamfuta ba irin allon rediyo ba ne. Hawa huɗu ne ko fiye a manne da juna, kuma a tsakiya akwai shimfiɗar jan ƙarfe mai shanye zafi. Ƙaramin ƙarfen dalma mai wat 30 ba ya iya narkar da dalmar har ciki, sai mai gyara ya gaji ya fizgi ƙafar kwandansan, ita kuma ta fito da rufin ramin da ke haɗa hawa da hawa. Wannan ɓarna ba a ganinta da ido, kuma da wuya a gyara ta, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kayan da za a mayar ma ba kowane iri ba: waɗanda ke kewaye da furosesa dole su zama masu ƙaramin ESR, wato waɗanda ba sa tare wuta sosai a cikinsu, masu jure digiri 105, adadin maikurofarad ɗinsu ya yi daidai da na tsoho, bolt ɗinsu kuma ya yi daidai ko ya fi. Kwandansan digiri 85 da ake sa wa talabijin zai shiga ramin lafiya lau, amma ba zai daɗe a wurin ba. Idan babu na kirki a nan, gara a yi saƙo daga Kano da a ciro daga wani tsohon allo sa'an wannan.

Hanyar mai gyara na biyu tana farawa ne daga abin da ba ya cin kuɗi. Zai ciro allon daga akwati ya ɗora shi a kan kwali, ya cire duk abin da ba dole ba, ya bar furosesa da fankarsa, da RAM guda, da ɗan lasifikan da ke yin ƙara. Zai auna wutar da ke fitowa daga akwatin wuta a bisa tsarin ATX wanda Intel ta kafa a 1995: jar waya bolt 5, rawaya bolt 12, mai ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ƙasa. An yarda kowacce ta kauce da kashi 5 cikin 100 kawai, wato ja tsakanin 4.75 da 5.25, rawaya tsakanin 11.4 da 12.6. Wayar shunayya tana ɗauke da bolt 5 ko da kwamfuta a kashe take, kuma ita ce ta fi cancantar a duba da kyau, domin idan ta haura tana iya ƙona allon tun ba a danna maɓalli ba. Mita ba ta nuna rawar da wuta ke yi, don haka gwajin da ya fi tabbas shi ne a aro akwatin wuta mai lafiya a gwada. Idan yana da maɓallin 115 da 230 a baya, a tabbatar yana kan 230, tunda wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, bolt 220 ce. Kada kuma kowa ya buɗe akwatin wutar sai wanda ya san aikinsa, saboda manyan kwandansan ciki suna iya riƙe wuta mai haɗari bayan an zare waya.

Gwajin da na fi so shi ne a cire RAM gaba ɗaya a kunna. Idan allon ya yi ta ƙara, to furosesa da BIOS, wato 'yar manhajar da ke tayar da allon, suna da rai, matsalar kuma tana gaba, wajen RAM ko katin hoto. Idan ya yi shiru, abin yana wajen wuta ko furosesa ko allon kansa. Ƙarar ma tana da ma'ana: a BIOS na kamfanin AMI gajeru uku na nufin RAM, takwas na nufin ɓangaren hoto, a na kamfanin Award kuwa doguwa ɗaya da gajeru biyu hoto ne. Daga nan sai a goge haƙoran RAM da magogin fensir, a sa sabon batir mai bolt 3, a share saitin BIOS da ɗan filogin da aka tanada domin haka.

Ita ma wannan hanya tana da iyaka. Mitar da ke hannun yawancin masu gyara ba ta iya gane mataccen kwandansa yana kan allo, sai da mitar ESR, kuma ko da ita, waɗanda aka jera a layi ɗaya suna rufa wa juna asiri. Akwai kuma kwandansan da ke bushewa ba tare da ya kumbura ba. Saboda haka mai awo yana iya bin komai ya ƙare a inda abokinsa ya fara, amma a lokacin ya riga ya kawar da sauran zarge-zargen, ya kuma san cewa allon ya cancanci wahalar.

Da allonka na zamanin 386 ko 486 ne, wato furosesan da suka riga Pentium, da lissafin ya canza, domin abin da ya fi kashe waɗancan shi ne batirin NiCd mai bolt 3.6 da ke yoyo ya cinye layukan jan ƙarfe, kuma canza kwandansa ba ya taɓa wannan ciwo.

Ga naka kuwa, ka buɗe akwatin kwamfutar ka haska fitila ka duba kan kwandansan da ke kewaye da furosesa. Idan ka ga ko ɗaya ya kumbura ko ya yi yoyo, to a canza shi tare da duk 'yan'uwansa masu iri ɗaya, a ɗauki hoton allon kafin a cire domin kada a juya ƙafa, kuma ka tambayi mai gyaran ƙarfin ƙarfensa da inda ya samo kayan. Ko a hakan a fara gwada akwatin wuta, don kada ya kashe sababbin. Idan kuwa dukansu kansu a shafe yake, mai mita za ka ba aikin, kuma kada a narka dalma sai an gama da wuta da RAM da batir.