Hattara mazauna Manitoba: mai ɗaura ƙusoshin babur ɗin ƙanƙara ya cinye min dala 650

Jama'a, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Dala 650 ta Kanada, kuɗin da na tara da aikin dare, mutum ya karɓe yana min fara'a, har da zuba min kofi a garejinsa. Dala 650!

Kada wani ya zo yana ce min na yi sakaci. Wallahi ban yi ba. Sai da na shafe mako biyu ina bincike kafin in taɓa wayata. Na san ana huda belin robar da babur ɗin ke tafiya a kansa a maimakon taya, a zura ƙusa ta ciki, a ɗora ɗan faifan alminiyam da noti ta waje a ɗaure. Na san tsinin ƙusa ta gaske da tungstin kabaid ake yi, wani ƙarfe mai tsananin tauri, shi ya sa take cizon ƙanƙara ba ta dakushewa. Na san bai kamata ta zarce haƙoran belin da fiye da 3/8 na inci ba, kuma dole a sa sandunan kariya a ƙarƙashin mazauni, domin lagireton babur ɗin a nan yake, daf da belin. Duk na tambaye shi, duk ya amsa daidai.

Abin da ke dawo min a rai shi ne ƙusar nan da ya sa min a tafin hannu. Ya ciro ta daga aljihu, ya ce in gwada. Ya ɗauko kwalba ya karta, ta yi zane. Na juya ta, na duba tsininta, na ji nauyinta. Ya ce guda 144 irinta zai sa. Irinta, haka ya ce. Ina tsaye, karensa na kwance kusa da hita, ni kuma ƙusa a hannuna, na ce na yarda. Nan take na tura 250. A'a, 250 ce ta biyu. Kafin alƙalami 400 na fara turawa ta Interac, hanyar tura kuɗi ta banki a Kanada, tun daren da muka yi magana a Facebook, wai zai yi odar kaya. Ranar da na kai babur ɗin ne ya nuna min ƙusar, na cika 250 tun bai ɗaga spana ba. 400 da 250.

Na ma manta ban faɗa ba, tsohon babur ne ƙirar Ski-Doo na saya bara don bin abokan aiki kamun kifi a Tafkin Winnipeg ta wajen Gimli. Idan iska ta share dusar ta bar ƙanƙara tsurarta, ko ka matse birki sai sulɓi kawai. Abin da ya kai ni ke nan, tsoron rai, ba gayu ba.

Ranar Asabar muna tsakiyar tafki na ji wani ƙaras a ƙarƙashina, sai fitilar zafin inji ta kama. Na waiwaya, ga ruwan lagireto ya yi layi a kan ƙanƙara. Sanyi na neman tsinke yatsu, abokina ya ja ni da igiya har bakin gaɓa. Yarona ɗan shekara 11 ya so bin mu ranar, mahaifiyarsa ta hana. In na tuna haka jikina rawa yake.

Da bakanike ya ɗaga babur ɗin, a gabana muka ƙirga: 96 ne, ba 144 ba. Tsininsu ƙarfen banza, rabi sun riga sun lanƙwashe. Sun yi tsayi, ba sandar kariya ko ɗaya, notocin ma wasu da hannu ake kwancewa. Ɗaya ce ta fizge ta huda lagireto, ta yaga belin. Yanzu gyara ya fi ƙarfin 650 ɗin da ya ci. Ai ranar da na je ɗauka cewa ya yi yana sauri, ya riga ya ɗaure min shi a tirela, ga duhu ya yi tun biyar na yamma. Waye zai kwanta a ƙasa yana ƙirga ƙusa bayan an sa masa ta gaske a hannu?

Na kira, ya toshe ni. Tallarsa ta Facebook ta ɓace. Na koma garejin, matar gidan ta ce haya ya yi na wata biyu, ya kwashe kayansa. Banki sun bayyana min cewa kuɗin Interac in ya riga ya shiga ba a janyo shi. Na kai rahoto wurin 'yan sanda da cibiyar yaƙi da damfara ta Kanada.

Kada ku biya sai an gama. Ku ƙirga da kanku, ku leƙa ƙasa da tocila.

Hotunan hirarmu, rasit biyu na 400 da 250, da hoton belin duk suna wayata, zan ɗora su da na taso aiki gobe in sha Allah. Ƙusar da ya nuna min kuwa, aljihunsa ya mayar da ita, a kan idona.