Asibitin da ya cire wa Innata matsarmama

Asibiti ne mai zaman kansa a Kano, kuma abin da ya burge ni shi ne likitan bai yi saurin ɗaukar wuƙa ba. Da hoton ciki ya nuna tsakuwa a matsarmamar, ya ce wadda ba ta ciwo yawanci ƙyale ta ake yi. Maganin narkarwa kuwa watanni yake ɗauka, sau da yawa tsakuwar ta dawo. Amma Inna ciwo ke turnuƙe ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama duk sanda ta ci maiƙo, har da zazzaɓi, don haka ya ce a cire matsarmamar.

Huda huɗu ƙanana suka yi da kyamara. Ko ba matsarmama, hanta dai tana ci gaba da aikinta.

Ma'aikatan jinya sun kyauta. Sashen biyan kuɗi ne abin haushi: sai ka biya, a ɓullo da wani sabon lissafi.