Hattara da Masu "Na'urar Rage Shan Mai" da Ke Yawo a Zariya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne ga duk mai babur a Zariya da kewaye, ɗan acaɓa ne kai, ma'aikaci ne, ɗalibi ne, har da iyayen da suka saya wa yaro mashin don zuwa makaranta. Akwai wasu mutane da ke yawo da wata 'yar aba da suke kira na'urar rage shan mai. Wani lokaci za ka gan su sun shimfiɗa buhu kusa da inda 'yan acaɓa ke taruwa a Kwangila ko PZ, wani lokaci a bakin kasuwar Sabon Gari, amma mafi yawan farautarsu ta WhatsApp da TikTok ce. Ba su da shago. Alkawarinsu ɗaya ne, wai su ɗaura maka abin nan babur ɗinka ya rage shan mai da rabi. Gyaran babur sana'ata ce, a Tudun Wada nake, kuma injinan da suka bi ta hannun mutanen nan aka turo mini su sun isa in buɗe baki. Damfara ce tsagwaronta, kuma kuɗin na'urar shi ne mafi ƙanƙantar asarar da za ka yi.

Ban ga laifin wanda ya tsaya ya saurare su ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare sai da lita ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Ɗan acaɓan da ke wuni tsakanin Samaru da cikin gari, ga balas ɗin maigida yana jiransa da yamma, ga cefane, in ka ce masa ga dabarar da zai raba kuɗin mai biyu, dole ya juyo. Wannan ƙuncin suka hango suka shigo ta cikinsa.

Ita na'urar, na fasa ta na gani. Roba ce ɓari biyu, ana rungumo tiyon mai da ita tsakanin tanki da kabireta, a ɗaure da 'yar igiyar roba. A ciki babu komai sai maganaɗisu biyu ƙanana. Wasu suna ƙara ɗan ƙwan lantarki shuɗi da suke jonawa da batir, don in ka kunna makulli ka ga ya kawo wuta ka ce abu yana aiki. Bayanin da suke yi shi ne wai maganaɗisun yana jera ƙwayoyin fetur su ƙone tas. To, ɗebo fetur a murfin jarka ka kara masa maganaɗisu ka gani ko zai motsa. Ba ƙarfe ba ne. Yadda ya shiga tiyo haka zai fita. Wasunsu kuma suna haɗa maka da wata ƙwaya da za ka riƙa jefawa cikin tanki, warinta sak na kafur ɗin da ake sa wa cikin akwatin kaya, ita kuma aikinta shi ne ta bar dauɗa a gindin tanki ta je ta toshe maka kabireta.

Ba a nan aka fara wannan ƙarya ba. A Amurka hukumar kare muhallinsu ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100 da ake cewa suna rage shan mai, har da masu maganaɗisun, ba ta samu wadda ta kawo wani ragi na a zo a gani ba. Sannan ka yi wa kanka tambaya. Kamfanin Bajaj na Indiya da ke ƙera Boxer, da TVS, da Honda, da su Jincheng da Haojue, duk gasar da suke yi a kasuwarmu kan wa ya fi tattalin mai ne. Da maganaɗisun da bai fi kuɗin shayi da burodi ba yana raba shan mai biyu, da tun daga masana'anta zai zo a ɗaure. Amma da yake Zariya garin boko ne, sun gano lagonmu: sai su ce wani farfesa ne ya ƙirƙiro ta, su nuna maka takarda mai tambari a waya. Ka tambaye su sunan farfesan da sashensa, sai zance ya koma wani wuri.

Abin da ya fi cin mutane shi ne gwajin da suke yi a gaban ido, don haka bari in tsaya a kansa. Za su zare tiyo daga tanki su maƙala wata 'yar gora da suka auna mai a ciki, su ce a hau a tafi har babur ya mutu, a duba mita. Daga nan su ɗaura na'ura, su sake zuba mai daidai wancan, a sake tafiya. Karo na biyu kullum ya fi nisa, jama'a su yi ta salati. Ga abin da ya faru. A ƙasan kowace kabireta akwai ɗan kofi da ke riƙe mai, yana da sukurun tsiyayewa. Kafin gwajin farko sukan kwance sukurun nan su zubar da abin da ke ciki, wai don a yi adalci. Kafin na biyu kuwa, suna cikin ɗaura na'ura sai su mayar da tiyon tanki na ɗan lokaci, wai za su duba ko mai yana wucewa, kofin nan ya cika taf. Ka ga a zagaye na biyu man gora ne da na kofi, kuma a kan ɗan man da bai fi cikin kofin shayi ba wannan ƙarin ba kaɗan ba ne. Sannan yaronsu ne ke tuƙi. Da farko zai yi ta murɗa totur a giya ta biyu da ta uku, inji yana kuka, daga baya ya saka ta huɗu ya lallaɓa kamar yana ɗauke da ƙwai a baya. Ko ba a ɗaura komai ba hannun matuƙi kaɗai ya isa ya kawo wannan bambancin.

Wani zai ce ai shi bayan an ɗaura masa ya ga man ya ragu da gaske. Haka ne, wani lokaci yana raguwa kaɗan, kuma nan ne ɓarnar take. Ba sa barinka ka ɗaura da kanka, cewa suke sai an yi wa kabireta saiti. Saitin nan shi ne su cire jet ɗin kamfani, wato ɗan ƙarfen nan mai huji da mai ke bi ta ciki, su sa mai ƙaramin huji, su juya sukurun iska, wasu ma har su yage soson da ke tace iska ko su cire shi ɗungurungum. Injin fetur yana son iska kusan kashi 15 a kan mai kashi 1 a ma'aunin nauyi, kamfani kuma ya riga ya zaɓi girman jet a kan haka. In ka rage mai iska ta yi yawa, wutar cikin silinda tana ƙara zafi. Su kuwa ƙananan baburan nan namu masu injin CC 100 da 125 ba su da lagireto, iskar hanya ce kawai ke sanyaya su, sai baƙin man da bai wuce kimanin lita ɗaya ba. Abin ya zama kamar mai doki ya rage masa dusa da harawa, ya ci gaba da sukuwa a kansa, yana ta murna wai dokinsa ya koyi tattali.

Wani magidanci, malamin firamare ne, yana zuwa aiki ta hanyar Shika, ya turo mini Boxer ɗinsa a cikin zafin watan Afrilu. Babur ɗin bai daɗe da fita daga leda ba. Ya ce yana cikin tafiya ya ji ƙarfi ya ragu, sai wata ƙara ƙyas-ƙyas, sai ya mutu, kik kuma ya zama laushi ba ya riƙe ƙafa. Na kwance filogi na ga bakinsa fari fat kamar an shafa alli, har ya fara ƙuraje. Ban ma buɗe inji ba na ce, "Malam, wa ya taɓa maka kabireta?" Ya ce, "Wallahi Oga, babu wanda ya taɓa, na'ura kawai aka sa mini." Da muka ɗage kan silinda sai ga saman fistin ya zaizaye ya yi rami a tsakiya, bawul ɗin salansa ya ƙone gefe ɗaya, jikin silinda duk zane. Fistin na alminiyon ne, ba ya jure zafin da ƙarfe ke jurewa. Da na buɗe akwatin iska na tarar babu soso. Duk ƙurar hunturun da ta wuce injin nan ya shaƙe ta kai tsaye, ita ta cinye ringi. Naira 12,000 ya ba su. Garambawul ɗin da aka yi masa ya ninka wannan sau da yawa, ban da kuɗin motar haya da ya yi ta biya kafin a gama. Ya kira lambar da suka ba shi a gabana, a kashe.

Akwai kuma ɓangaren sata. In suka ga babur sabo ne sai su ce, "Alhaji, je ka yi sallah ka dawo, saitin yana ɗaukar lokaci." Kafin ka dawo sun cire CDI na asali, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi, sun sa na jabu, sun musanya kwal ɗin wuta da filogi, in sun samu sarari har kabiretar gaba ɗaya. Babur zai tashi lafiya ƙalau a ranar, ba za ka gane ba sai bayan makonni ya fara gardama da asuba. Na sha buɗe babur ɗin da bai shekara ba in tarar da kabiretar da ta girme shi, an wanke ta da fetur tana ƙyalli.

Na baya-bayan nan kuma matasa suke bi da sunan wakilci. Ka tura kuɗin katan ɗaya, a ba ka unguwa guda, Gyallesu taka, Muciya ta wane, in ka kawo wasu wakilai kana da kaso. Wasu an kawo musu katan ɗin roba da maganaɗisu sun rasa yadda za su yi da shi, wasu ko katan ɗin ba su gani ba. Asusun da ake tura kuɗin kuma sunan da ke kai daban, sunan mai maganar daban. Wanda ya karɓi wakilcin nan ya sani shi za a riƙe ranar da injin maƙwabcinsa ya buga, don shi ake gani a unguwa.

Ni ba na cewa kada a taɓa babur ko kada a nemi rage shan mai. Ana ragewa, amma ba da rabi ba, kuma hanyoyin ba su da wani armashi, shi ya sa babu mai tallarsu a TikTok. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana cin mai sosai, ka riƙa tsayawa wurin mai faci yana auna maka da geji, ba da matsa yatsa ba. Cen ya zama da mai, kada ya yi ɗaurin goro kuma kada ya yi lako-lako, wasan santimita 2 zuwa 3 ya wadatar. Ka ɗaga babur a kan sitan ka juya taya ka ji ko birki yana gogawa. Soson iska a wanke shi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a mayar da shi wurinsa. A saita bawul, a canza baƙin mai kan kari. Ka kuma duba ƙasa inda babur ya kwana. Babura da yawa da ake cewa suna shan mai ba sha suke ba, zubarwa suke ta kabireta da dare, rufe makunnin mai kaɗai zai nuna maka bambanci. Sauran kuma yana hannunka na dama, wato yadda kake murɗa totur. In kana son sanin gaskiyar shan man babur ɗinka, cika tanki a gidan mai, rubuta lambar mita, ka yi harkarka, ka koma famfo ɗaya ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Ba da gorar wani a bakin titi ba.

Shugabannin tashoshin acaɓa, don Allah ku daina barin mutanen nan suna shimfiɗa kaya a inuwarku, domin zamansu kusa da ku shi ke sa yara su ɗauka da yawunku suke. Wanda kuma ya tura kuɗi, ya ajiye shaidar tiransifa da hirar WhatsApp, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma sanar da bankinsa da wuri.

In an riga an ɗaura maka, cire robar nan ba zai gyara komai ba, tunda ba ita ce cutar ba. Ka lura ko babur yana wuyar tashi da safe sai da cok, ko ba ya riƙe silo, wato yana mutuwa in ka saki totur a tsaye, ko yana shaƙewa in ka murɗa totur, ko salansa tana harbi tas-tas in ka saki mai a gangarar gadar Kwangila, ko zafin inji yana dukan ƙafarka fiye da da. Ko ɗaya ka gani, kada ka yi doguwar tafiya da shi, balle ka ɗauki buhu zuwa Giwa. Kai shi wurin bakaniken da ka sani mai shago, ka tsaya a kansa ya kwance filogi a gabanka. Ruwan ƙasa shi ne lafiya, baƙi wuluk mai ne ya yi yawa, fari kuwa inji yana ƙonewa. Ka ce a buɗe kabireta a karanta lambar da ke jikin jet, a kwatanta da ta wani babur irin naka da ba a taɓa ba, a mayar da ta kamfani. A duba soso, a duba CDI da kwal ko naka ne, a zubar da baƙin man da ke ciki a sa sabo. In ka jefa ƙwayar nan a tanki, shi ma a sauke shi a wanke.