Georgetown da Wheaton: Hanya Biyu ta Zama da Wani Addini

Dukkansu makarantun Kirista ne a Amurka, amma kowace da inda ta dosa. Jami'ar Georgetown ta 'yan Katolika, wadda ke Washinton kuma aka kafa a 1789, ta buɗe ƙofa: a 1999 ta ɗauki Imam Yahya Hendi limamin ɗalibai na cikakken lokaci, kuma yanzu tana da masallaci mai sunan Yarrow Mamout, Musulmin Afirka ta Yamma da aka kai Amurka bauta. Ɗalibi ya yi Juma'a, abokin ɗakinsa ya tafi coci ran Lahadi.

Kwalejin Wheaton ta Illinois kuwa sai malami ya sa hannu a takardar aƙida kafin ya koyar. A Disambar 2015 malama Larycia Hawkins ta yafa hijabi don nuna goyon baya ga Musulmi, ta ce Allah ɗaya Musulmi da Kiristoci suke bauta wa. Aka dakatar da ita, ba don hijabin ba, in ji makarantar, don furucin. A 2016 suka rabu.

Wheaton na da hujjarta, tsoron kada aƙida ta salwanta. Sai dai a ganina ɗalibinta yakan san Musulunci ne a littafi, na Georgetown kuwa a bakin maƙwabci.