Allura ko wanki? Amsa ga ɗan'uwanmu na Jidda kan dokin da ke dukan ƙasa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, aiki ne bai bar ni na zauna ba sai yanzu bayan la'asar. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu yana aiki a wata barga a bayan garin Jidda. Kafil ɗinsa, wato maigidan da yake wa aiki, ya sayo wani akawal, baƙin doki ɗan ƙasar Holand, irin da ake kira Firiziyan, mai gashi buzu-buzu tun daga ƙwauri har ya rufe kofato. Dokin ya tsiri dukan ƙasa da ƙafafun baya, musamman da dare, yana goga wannan ƙafa da waccan, da aka buɗa gashin kuma sai ga ɓawo da amosani a bayan kofato. Wani ya ce a yi allura, wani ya ce wanki da feshi, mai doki kuma ya rantse almakashi ba zai taɓa gashin nan ba. Shi ne yake tambaya wanne ya fi.

Na daɗe ina kula da dawaki a nan Ɗa'if, biyu daga cikinsu masu irin wannan gashi ne, kuma duk hanyoyin biyu na bi su.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da ƙazwar ƙafa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke kawo ta, likitoci na kiransa Koriyoftes, tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Halinsa shi ne zai raba mana gardamar nan, don haka ka riƙe shi. Ba ya tona rami a cikin fata kamar ƙwaron ƙazwar raƙumi, jarab ɗin da Larabawa ke faɗa. Ba ya shan jini kamar kaska. A saman fata yake yawo, yana cin ɓawo da dattin fata, gashi kuma ya zame masa rumfa. Daga ƙwai zuwa babba mai yin wani ƙwan kamar mako 3 ne. In ya faɗo daga jikin doki ba nan take yake mutuwa ba: a wuri mai sanyi da laima yana iya yin makonni, har sama da wata 2. Za ka ce ina sanyi a Jidda? Bargar da ke da na'urar sanyaya ɗaki, ga dusar katako a shimfiɗe, ga doki ana yi masa wanka da tiyo safe da yamma gashin bai taɓa bushewa har ciki ba, ai ƙwaro bai san ya bar Turai ba.

Kafin ka kashe riyal ɗaya, a tabbatar. Ka karkaɗe amosanin a kan baƙar takarda, ko ka manna salatif a fatar ka kai wa baiɗari, wato likitan dabbobi, ya duba a madubinsa mai ƙara girman abu. Kirci ma yana yin ɓawo a wannan wurin in ƙafa na yawan jiƙa, kuma shi ƙwayar cuta ce, maganin ƙwaro ba ya yi masa komai. Sau da yawa ma tare suke zuwa: ƙwaro ya sa susa, susa ta fasa fata, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

To, mu ajiye allura da wanki gefe da gefe.

Allurar da ake nufi ita ce doramektin, wadda ake sayarwa da sunan Dectomax. Maganin shanu da tumaki ne, ba a yi masa rajista don doki ba, likitoci ne ke ara masa bisa nasu nazari. Yadda aka saba, sau 2 ake yi, a ƙarƙashin fata, kwana 14 tsakani, a auna da nauyin dokin. Wanki da feshi kuwa kashi uku ne a hannun masu dawaki: feshin fifronil, wato Frontline na karnuka da kyanwoyi, ruwan farar wuta da aka dafa da farar ƙasa, sai sabulun amosani mai sinadarin seleniyom, irin su Selsun, wanda ake bari kamar minti 10 a fata kafin a ɗauraye.

Wajen sauƙi allura ta yi gaba, ba gardama. Minti biyar an gama, ba a taɓa gashi ba, kafil ya yi murmushi. In dokin ya riga ya tsani a kama masa ƙafa saboda zafi, kuma Firiziyan doki ne da ke kai kilo 600, allura ta raba ka da harbi. Wanki kuwa wahala ce tsantsa. Ƙafa huɗu, kowace sai ka tsaga gashi layi-layi ka cusa magani da yatsu har fata, kana durƙushe, kana lallashi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Allura ta cikin jini take bi, ƙwaron nan kuwa mun ce ba mai shan jini ba ne. Ɗan abin da ya fito ta maiƙon fata da ruwan ƙurji shi kaɗai ke isa gare shi. Shi ya sa take yi wa wani doki aiki sarai, wani kuma ya huta wata ɗaya ko biyu ya koma dukan ƙasa. Ibamektin da ake matsawa a baki don tsutsar ciki ma haka: yana rage yawan ƙwarin, ba ya ƙarar da su. Kuma duk lokacin da ka yi wannan allura, tsutsotsin cikin dokin ma sun sha, yau da gobe su saba da maganin, ranar da kake buƙatarsa don su ya ƙi ci. Maganin shafawa shi ke zuwa gidan ƙwaron kai tsaye. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya taɓa fata. Ka fesa Frontline a saman gashin Firiziyan ka tafi, wallahi ruwa ka zuba a kwando, kuɗin kafil kuma sun bi iska, don kwalbar ba arha gare ta ba kuma ƙafa huɗu suna shan da yawa.

Wajen haɗari kowanne da nasa. Allura tana iya kumbura inda aka soka, kuma maganin shanu in aka soka shi cikin tsokar doki an sha ganin wurin ya ruɓe da mugun ciwo mai kisa. Saboda haka ba aikinka ba ne, ba aikina ba ne, na baiɗari ne, ko da mai saidaliyya, wato kantin magani, ya miƙo maka kwalba da sirinji. Fifronil da sinadari mai kama wuta aka haɗa shi: yana yi wa fasasshiyar fata raɗaɗi, kada a fesa kusa da mai shan taba, kada a fesa a rufaffen ɗaki, a sa shi a busasshiyar ƙafa, a kuma bar ruwa kwana 2. In akwai zomaye a harabar, a nisanta su, yana kashe su. Farar wuta warin ruɓaɓɓen ƙwai gare ta, tana rina farin gashi ya koma ɗorawa (kai da akawal ba ruwanka da wannan), kuma ka cire zoben azurfarka kafin ka tsoma hannu, in ba haka ba ya fito baƙi ƙirin. Ita ba a ɗauraye ta, a jiki take bushewa, sau ɗaya a mako har mako 4. Ta fi sauran arha nesa ba kusa ba, kuma ita na fi komawa gare ta.

Abu ɗaya ya haɗa su: babu wanda za ka dogara da shi ya kashe ƙwai. Wanda ya yi sau ɗaya ya ga doki ya natsu ya daina, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Akwai na ukun da ba ka ambata ba, amma na san za a kawo maka shi, don a nan ƙasar raƙuma da tumaki ce. Maganin kaska mai amitraz, wanda ake surkawa a yi wa shanu da tumaki wanka, guba ne ga doki. Yana tsayar masa da hanji. A wata barga da na taɓa aiki, wani abokin aikinmu ya wanke ƙafafun goɗiya da shi da kyakkyawar niyya, kafin wayewar gari ta daina kashi, ciki ya kumbura, tana layi kamar mai maye. Kwana uku likita yana fama da ita da ƙarin ruwa kafin Allah ya tashi kafaɗarta. Haka baƙin man mota da kwaltar itace da ake shafa wa raƙumi: a fasasshiyar fatar doki, a ƙarƙashin gashi, cikin zafin Jidda, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Yanzu maganar aski, wadda ita ce ainihin rigimarku da kafil. Ina jin sa. Don gashin nan ya biya kuɗin jirgi, kuma in an aske sai an yi watanni, wani har shekara, kafin ya dawo yadda yake. Amma a ƙafar da aka aske magani kaɗan ke isa, iska na shiga, kana ganin ƙurji tun yana ɗan ƙarami. Ga kuma abin da ya fi ƙwaron muni. Irin waɗannan dawaki, Firiziyan, da Shaya na Ingila, da Kilaidisdel na Sikotland, suna da wani ciwo na gado da ke toshe magudanar ruwan jiki a ƙafa. Fata ta yi kauri, ta ninke, ta fito da ƙullutai masu tauri. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da motsa jiki, da tsafta, da hana ƙwaro zama. Gashi yana ɓoye shi shekaru, ƙazwa kuma tana ƙara masa wuta. Ka cusa yatsu yau a bayan kofato ka lalaba. In ka ji ninki kamar wuyan bijimi, to zancen ado ya ƙare, sai aski. Kuma kada kai ka faɗa wa kafil. Ka bar baiɗari ya ɗora masa hannu a wurin ya ji da kansa. Maganar da zai ƙi daga bakin sayis mai kula da doki zai karɓa daga bakin likita.

In ya kafe duk da haka, akwai tsaka-tsaki: a aske siririn layi a bayan ƙafa daga gwiwa zuwa kofato, a bar gashin gefe ya sauko ya rufe. Daga nesa ba mai ganewa.

Da dokina ne, ga yadda zan yi. In an yarda da aski, wanki na zaɓa ba tare da waiwaye ba: sabulun seleniyom ya ɓamɓare ɓawon, a tsane ƙafa da tawul har ta bushe ƙarau, sannan farar wuta mako-mako. In fatar ta fashe tana ruwa ko wari, a fara warkar da ita da abin da likita ya bayar kafin a kawo mai raɗaɗi. In an hana aski, ko dokin ba ya kamuwa, sai allura biyun nan, amma da sanin cewa rabin aiki ne, a bi ta da feshi har fata da zarar ya yarda a taɓa shi.

Kowanne ka ɗauka, bargar ma maras lafiya ce. A kwashe dusar katakon duka ranar da aka fara magani, a wanke ƙasa da bango. Buroshi, tawul da bandejin ƙafa a wanke da ruwan zafi a shanya a ranar Jidda, ita kyauta ce. Dawakin Larabawan da ke kusa da shi, masu sumul ɗin ƙafa, suna iya ɗauke da ƙwaron ba tare da susa ko ɗaya ba, don haka a duba su, a yi musu tare. In akwai awaki ko tumaki a harabar, su ma suna ɗaukar irinsa, a raba musu wuri. Wankan tiyo kuma a tsayar da shi a gwiwa har a gama.

Ka turo mana hoton bayan kofaton da gashin a buɗe, da rana, ba da fitilar waya ba, ka kuma faɗa mana ko ƙafar na kumbura in ya kwana a tsaye.